WAI SHAKIRA TA “TSALLAKA”: DAGA INA ZUWA INA?

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau kuwa sai na amayar da ita kowa ya ji. Duk inda aka tashi ba da tarihin mawaƙiyar nan Shakira, 'yar ƙasar Kolombiya, sai ka ji an ce wai a shekarar 2001 ne ta “tsallaka”, wato ta fara waƙa da Turanci, daga nan ne duniya ta san da zamanta. Haka 'yan jaridar Amurka suka rubuta a lokacin, haka na Ingila suka kwafa, haka kuma masu ba da labarin mawaƙa suke ta maimaitawa kamar karatun aku. Ni tambayata ɗaya ce, jama'a: ta tsallaka daga ina zuwa ina? Wane rami ne a tsakani, kuma wa ya haƙa shi?

Kada mai karatu ya ɗauka wannan rigimar 'yan kiɗa da rawa ce da ba ta shafi ma'abocin littafi ba. Shakira marubuciya ce, da hannunta take rubuta waƙoƙinta, kuma abin da ya same ta shi ke samun duk mai alƙalamin da aka ce masa harshen da ya sha a nono ba zai kai shi kasuwa ba. Matsayina a fili yake. Shakira ta gama zama Shakira tun kafin ta fitar da faifan Turanci ko ɗaya. Turancin nan kuɗin ƙofa ne da masu tsaron kasuwar Amurka suka yanka mata, ta biya da tsada, kuma shekarun da suka biyo baya sun nuna cewa harajin na zalunci ne tun asali. Bari mu bi abin daki-daki.

An haifi Shakira Isabel Mebarak Ripoll ranar 2 ga Fabrairun 1977 a Barankiya, wani birni da ke gaɓar tekun Karibiyan a arewacin Kolombiya. Mahaifinta zuriyar mutanen Labanon ne. Tana da shekara 13 kamfanin Sony reshen Kolombiya ya ɗauke ta a kan yarjejeniyar faifai uku. Na farko, Magia, ya fito a 1991, na biyu, Peligro, a 1993, kuma duka biyun ba su yi kasuwa ba. Saura dama ɗaya ke nan. A karo na uku sai yarinyar ta karɓi ragamar aikinta, ta zauna da furodusa Luis Fernando Ochoa suka tsara faifan Pies Descalzos, ma'ana “ƙafa ba takalmi”, wanda ya fito a 1995. Wannan faifai ya karaɗe Meziko da Ajantina da Benezuwela da Sifen, ya shiga har Birazil inda Fotugis ake ji. Tana da shekara 18 a lokacin.

To me ke cikin waƙoƙin? Nan ne masu maganar “tsallakawa” ba sa son a tsaya. Waƙar da faifan ya ci sunanta shaguɓe ce ga al'ummar da ke shata wa 'ya mace layin rayuwa tun daga yadda za ta zauna har zuwa shekarun da dole ta yi aure. Wata waƙar a cikinsa labarin wasu samari biyu ne 'yan gidan mutunci, ciki ya shiga, tsoron iyaye da surutun unguwa ya kai yarinyar ga zubar da shi, ta rasa ranta. A ƙasar da cocin Katolika ke da ƙarfin faɗa a ji, 'yar shekara 18 ce ta rera wannan. Ko waƙoƙinta na soyayya ma cike suke da habaici da wasa da kalmomi, irin na mutumin da ya san lungu da saƙo na harshensa, ya san inda zai murɗa kalma ta ba da ma'ana biyu.

A 1998 ta fitar da Dónde Están los Ladrones?, wato “ina ɓarayin suke?” Asalin sunan shi ne an sace mata kaya a filin jirgin saman Bogota, har da jakar da rubutattun waƙoƙinta ke ciki. Sai ta ɗauki wannan takaici ta mayar da shi tambaya ga ƙasa baki ɗaya, ta nuna cewa ɓarayin ba a tasha kaɗai suke ba, akwai su a ofisoshi da manyan gidaje. A bangon faifan hannayenta a buɗe suke, duk sun yi dauɗa, alamar ba wanda ya kuɓuta. A cikinsa ne waƙar Ojos Así take, mai kiɗan Larabawa da baitocin Larabci, gadon gidan ubanta. Da aka fara bayar da kyautar Latin Grammy a 2000 ta tafi da guda biyu. A 2001 faifanta na MTV Unplugged, wanda aka naɗa a New York da Sifaniyanci, ya ci kyautar Grammy. Duk wannan kafin “tsallakawa” ne fa.

Ga kuma abin da ya kamata ya tsaya wa duk mai son adabi a rai. A 1999 Gabriel García Márquez, wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1982, ya zauna ya rubuta dogon sharhi a kan wannan yarinya a mujallar Cambio ta Kolombiya. Shi da ita 'yan gaɓa ɗaya ne, a Barankiya ma ya yi aikin jarida a ƙuruciyarsa. Shi Márquez ɗin, wa ya taɓa ce masa sai ya rubuta littafi da Turanci kafin a ɗauke shi marubucin duniya? Shahararren littafinsa ya fito da Sifaniyanci a 1967, Gregory Rabassa ya fassara shi zuwa Turanci a 1970, masu son karatu suka bi shi har gida. Marubucin ya zauna a inda ƙarfinsa yake, tafinta ya yi aikin tafinta. Me ya sa abin da ya halatta ga mai littafi ya haramta ga mai waƙa?

Kuma wace “duniya” ce ake cewa ba ta san ta ba? Masu jin Sifaniyanci a matsayin harshen uwa sun kusa miliyan 500 a yau, sun fi masu Turanci a matsayin harshen uwa yawa. Harshen hukuma ne a ƙasashe 20, har da Ikwatoriyal Gini a nan Afirka. A cikin Amurkar kanta, ƙidayar 2000 ta nuna mutum miliyan 35 'yan asalin yankin Latin ne, ta 2020 kuma ta nuna sun haura miliyan 62. Mawaƙiyar da ta cika filaye daga Meziko zuwa Ajantina, a ce wai ba ta iso duniya ba sai ranar da wani gidan rediyo a Ohayo ya saka waƙarta? Wannan ai rainin wayo ne. Wanda ya ce gidansa ne duniya, to bai yi tafiya ba.

Yanzu mu duba yadda aka haƙa ramin. A watan Fabrairun 1999 Ricky Martin, ɗan tsibirin Puerto Rico, ya hau dandamalin bikin Grammy ya rera waƙar gasar cin kofin duniya ta 1998, wurin ya rikice da tafi. 'Yan watanni kaɗan sai ga shi da faifan Turanci, waƙarsa Livin' la Vida Loca ta yi mako biyar a saman jadawalin mujallar Billboard. A cikin wannan shekara Jennifer Lopez da Marc Anthony da Enrique Iglesias duk suka fito da faifan Turanci. Uku daga cikin huɗun nan a ƙarƙashin Sony suke, wanda Tommy Mottola ke shugabanta a lokacin. Jaridu suka sa wa abin suna, wai “fashewar Latin”, kamar wani dutse ne ya yi aman wuta ba zato. Alhali lissafi ne na 'yan kasuwa da suka ga yawan jama'a na ƙaruwa, suka ga kuɗi a ƙasa, suka sunkuya.

Abin dariyar, Jennifer Lopez a unguwar Bronx ta New York aka haife ta, Marc Anthony ma ɗan New York ne. Mutanen Puerto Rico kuwa 'yan ƙasar Amurka ne a doka tun 1917. To su daga ina suka tsallako? Ka ɗauki marigayiya Selena. A jihar Texas aka haife ta a 1971, da Turanci ta tashi, Sifaniyancin ma koyon sa ta yi don waƙa. Amma da aka harbe ta ranar 31 ga Maris ɗin 1995, tana da shekara 23, tana cikin naɗar faifan Turanci, sai aka yi ta kukan cewa ta rasu tana gab da “tsallakawa”. Ba'amurkiya za ta tsallaka zuwa harshen da ta tashi da shi! Tun 1958 ake wannan wasa, lokacin da mai kamfanin faifai ya gutsure sunan wani yaro Richard Valenzuela ya koma Ritchie Valens don kada sunan ya tsorata masu rediyo. Ka ga ashe ramin ba na harshe kaɗai ba ne. Layi ne da aka ja tsakanin 'yan gida da waɗanda aka ɗauka baƙi ko da a gidan aka yanke musu cibiya.

Masu tsaron ƙofar kuwa sanannu ne. A wancan zamani waƙa ba ta hawa jadawalin Billboard sai da yawan ciniki a kanti da yawan sakawa a rediyo, manyan gidajen rediyon da suka fi masu sauraro kuma ba sa saka waƙar da ba ta Turanci ba, sai fa jefi-jefi in ta zo musu a matsayin abin nishaɗin rawa, irin Macarena a 1996. Dokar sadarwa ta 1996 ta cire iyakar yawan gidajen rediyon da kamfani ɗaya zai mallaka a faɗin Amurka, zuwa 2001 kamfanin Clear Channel shi kaɗai ya mallaki sama da 1,000. Ma'ana, 'yan tsirarun mutane a ofis su ke yanke abin da kunnen miliyoyi zai ji. A kantin faifai kuma, duk wanda ya yi waƙa da Sifaniyanci, ko kiɗan gita mai zafi yake yi ko na gargajiyar ƙauye, kwando ɗaya ake zuba su a lungu, a rubuta “Latin”. Ba wanda ya tambayi mai sauraro ko zai iya jin daɗin waƙar da bai san harshenta ba. An yanke masa hukunci a bayan idonsa, sannan aka ce shi ne ba ya so.

A wannan yanayi aka juyo kan Shakira. Da farko shirin shi ne a fassara faifanta na 1998 zuwa Turanci, Gloria Estefan, matar furodusa Emilio Estefan, ta kama aikin fassarar tana kuma ƙarfafa mata gwiwa. Daga baya Shakira ta ce a'a, gara ta rubuta sababbi da kanta. Ta duƙufa koyon Turanci, tana fama da ƙamus na kalmomi masu amsa-amo, tana karanta Walt Whitman da Leonard Cohen don ta gane yadda baiti ke tafiya a harshen. Ta ɗauki Freddy DeMann, wanda ya taɓa riƙe harkokin Madonna, ya zama manajanta. A watan Nuwamban 2001 faifan Laundry Service ya fito, waƙa 9 da Turanci, 4 da Sifaniyanci. Ya shiga jadawali a matsayi na 3, waƙar Whenever, Wherever ta kai ta 6 a Amurka ta kuma hau sama a ƙasashen Turai da dama, faifan ya sayar da sama da kwafi miliyan 13. Ba mai musun cewa an samu kuɗi. Sunan faifan ma ya dace da abin da ya faru, domin ma'anarsa aikin wanki: an wanke, an goge, an rina.

Me aka biya? Yarinya mai baƙin gashi da gita a kafaɗa, wadda matasan Bogota da Buenos Aires suka haddace baitocinta saboda zafinsu, ta bayyana da gashi ruwan zinare a zamanin da Britney Spears da Christina Aguilera ke cin kasuwa. Gashinta ne, ta yi abin da ta ga dama da shi, amma kasuwa ta san abin da take tallatawa. Rawar ƙugun Larabawa tata ce tun tana ƙarama, ba Amurkawa suka koya mata ba, sai dai a da ɗaya ce daga cikin kayanta, yanzu kuwa aka mayar da ita duka hajar. Mafi ciwo shi ne alƙalamin. Hikimar da take zuba ba wahala a harshenta, da ta shigo Turanci sai ta riƙa fitowa bambaraƙwai, masu sharhi a Amurka da Ingila suka samu abin dariya, suna ɗaukar baitocinta a matsayin shirmen baƙuwa mai daɗin kallo. Macen da Márquez ya zauna ya yi wa rubutu ita ce ta koma abin shafa kai a wurin mutanen da ba za su iya karanta layi ɗaya na ainihin aikinta ba. Hausawa sun gama magana: kayan aro ba ya rufe katara.

Mai cewa son zuciya nake yi, ga hujja daga jadawalin nasu. A 2005 Shakira ta yi abin da ya zama kamar gwaji a fili. A watan Yuni ta fitar da Fijación Oral Vol. 1 da Sifaniyanci, a watan Nuwamba ta fitar da ɗan'uwansa Oral Fixation Vol. 2 da Turanci. Na Sifaniyancin ya shiga jadawalin Amurka a matsayi na 4, ya sayar da kwafi 157,000 a makon farko, abin da wani faifan Sifaniyanci bai taɓa yi ba kafin nan. Waƙar La Tortura da ta yi da Alejandro Sanz ta yi mako 25 a saman jadawalin waƙoƙin Latin. Na Turancin fa? A matsayi na 5 ya shiga, waƙarsa ta farko ko cikin 40 na sama ba ta shiga ba. A Amurka, a shekara ɗaya, mawaƙiya ɗaya, harshen da aka ce ba ya sayuwa shi ya fi ciniki a makon farko. Gani ya kori ji.

Da kamfani ya ga faifan Turancin na tangal-tangal, sai aka sake fitar da shi a 2006 da ƙarin wata waƙa da ta yi da Wyclef Jean, Hips Don't Lie, wato “ƙugu ba ya ƙarya”. Ita ce ta hau matsayi na ɗaya a Amurka, kuma ita kaɗai ce waƙar Shakira da ta taɓa hawa wurin. Ka ji fa. Wadda ta tambayi ƙasarta ina ɓarayi suke, da ƙugu Amurka ta yarda ta ɗora ta a kan kujera. Ban ce waƙar ba ta da daɗi ba, tana da shi, duniya ta taka. Abin da nake nunawa shi ne irin kayan da mai tsaron ƙofa ke bari a shigo da su, da irin waɗanda yake cewa a ajiye a waje.

Waƙar Waka Waka ta gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu ma tana da darasi a nan. Amshinta daga Zangalewa aka ɗauko shi, waƙar da ƙungiyar Golden Sounds ta Kamaru, waɗanda dakarun tsaron fadar shugaban ƙasa ne, suka fitar a 1986. Wannan waƙa ta zaga Afirka, ta haye tekun Atlantika ta sauka a gaɓar Kolombiya, inda masu manyan lasifikoki a Kartahena da Barankiya suka daɗe suna saka faifan Afirka a wuraren rawa. Ba Turancin Ingila a cikinta, ba manaja daga Los Angeles, ba kuma wanda ya kira wannan doguwar tafiya “tsallakawa”. Sai da aka lulluɓe ta da Turanci sannan aka ce ta zama ta duniya, kuma sai da aka yi surutu kafin a sasanta da masu ita. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Na san abin da masu kare wannan tsari za su ce. Za su ce ai Shakira da Ricky Martin ne suka buɗe ƙofar da na baya suka shiga, in da ba su yi Turanci ba da Amurka ba ta saba da muryar Latin ba. Wannan magana tana da daɗin ji, sai dai tarihi bai goyi bayanta ba. Juanes, ɗan Kolombiya kamar ita, ya ƙi yin faifan Turanci, amma a 2005 waƙarsa La Camisa Negra ta hau matsayi na ɗaya a Jamus da Italiya da Ostiriya, ƙasashen da ba Sifaniyanci ake ji ba. A 2004 Daddy Yankee ya fito da Gasolina daga unguwannin talakawan Puerto Rico, da Sifaniyancin titi, ta shiga gidajen rawa daga Landan har Tokyo. Kiɗan da ya zo ya mamaye kasuwa daga baya, wato regeton, daga wannan tushe ya fito, daga mutanen da ba su nemi iznin kowa ba. “Fashewar” 1999 kuwa ko shekara biyar ba ta yi ba ta lafa, Ricky Martin da Marc Anthony suka koma yin faifai da harshensu a 2003 da 2004.

Akwai kuma wani ɓangare da ba na tare da su, wato masu kiran Shakira maciya amana, waɗanda tun 2001 suke cewa ta sayar da kanta. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, haka suke yi. 'Yar shekara 24 da aka nuna wa ƙofa ɗaya tak aka ce nan ce hanya, don ta bi ta ba ta yi laifin da za a tsine mata ba. Kuma ko a lokacin da Turancin ke kawo kuɗi ba ta saki harshenta ba: kusan duk babbar waƙar da ta yi da Turanci tana da 'yar'uwa da Sifaniyanci, ta kuma dawo da Sale el Sol a 2010 da El Dorado a 2017. Gidauniyarta mai gina makarantu ga yaran talakawa a Kolombiya tun 1997 ta kafa ta, da sunan faifanta na “ƙafa ba takalmi”. Wannan riƙo da ta yi wa gida shi ya cece ta. Faɗana da masu karɓar haraji ne, da kuma 'yan kanzaginsu masu rubuta tarihi kamar harajin wata alfarma ce aka yi mata.

Abin da ya rusa shingen a ƙarshe ba wani mawaƙi ba ne, hanyar sauraro ce ta canza. A 2013 Billboard ta fara lissafa kallon YouTube a jadawalin waƙoƙi, a ƙarshen 2014 ta fara lissafa sauraro ta intanet a jadawalin faifai. Da aka fara ƙirga abin da mutane ke zaɓa da yatsunsu maimakon abin da mai rediyo ya zaɓa musu, sai asiri ya tonu. A 2017 Despacito ta Luis Fonsi da Daddy Yankee ta yi mako 16 a matsayi na ɗaya, kuma a wannan karon Justin Bieber ne ya lanƙwasa harshe yana rera Sifaniyanci. Beyoncé ta bi sahu a shekarar, Drake ya bi a 2018. A 2020 Bad Bunny ya kai faifan Sifaniyanci zalla matsayi na ɗaya a Amurka, karo na farko a tarihi, a 2023 Karol G, 'yar Kolombiya, ta zama mace ta farko da ta yi haka. Me ya sa ba a ce Bieber da Drake sun “tsallaka” ba? Saboda a wurin masu kalmar, hanya ɗaya ce ke da suna, wadda ta nufi gidansu.

Ita kanta Shakira lissafinta ya isa shaida. Bayan waƙar da ta yi da Beyoncé a 2007, ta yi faifan She Wolf a 2009 da wani mai sunanta a 2014, mafi yawansu da Turanci, ta haɗa da Rihanna, amma ba ta sake shiga cikin 10 na sama a Amurka ba har tsawon shekara kusan 16. Me ya dawo da ita? A watan Janairun 2023, bayan rabuwarta da ɗan ƙwallo Gerard Piqué, ta shiga ɗakin naɗa na wani matashin furodusa ɗan Ajantina, Bizarrap, ta yi waƙar habaici da Sifaniyanci, cike da wasa da sunaye da ba ya fassaruwa. Ta shiga ta 9. Bayan 'yan makonni waƙarta da Karol G ta shiga ta 7. Tsohon alƙalamin nan mai kaifi na 1995 shi ya dawo, jama'ar da ba sa jin harshen kuma suka bazama neman fassara da kansu, kamar dai yadda aka yi wa Márquez.

Wanda ke son ya san ko an taɓa karɓar ta a matsayin 'yar gida, ya tuna daren 2 ga Fabrairun 2020 a Miyami, lokacin da ita da Jennifer Lopez suka yi wasa a hutun rabin lokaci na Super Bowl. A tsakiyar wasan ta kalli kyamara ta rangaɗa guɗa irin ta Larabawa, gadon kakanninta na Labanon, abin da kowace mace daga Bairut zuwa Kano ta san ma'anarsa. Washegari Amurkawa da yawa suka mayar da abin barkwanci a intanet, sai da aka yi ta yi musu bayani. Shekara 19 tana yi musu magana da harshensu, su kuwa daƙiƙa biyu na nata ya gagare su.

Ga kuma ƙarshen lissafi. Shakira ta ci kyautar Grammy sau huɗu: 2001, 2006, 2018 da 2025. Duka huɗun a rukunin “Latin” ne, duka huɗun kuma a kan faifan da Sifaniyanci ne harshensa. Faifan Turancin da ta sha wahalar ƙamus a kansu, ko ɗaya bai kawo mata wannan kyauta ba. Sun karɓi kuɗin ƙofa, sun ci ribar ciniki, da aka zo rabon girma sai suka mayar da ita kwandon da ke lungu. To ina tsallakawar?

Don haka ina roƙon masu rubuta tarihin mawaƙa, da mu masu karantawa muna maimaitawa, mu daina aron wannan kalma ba tare da mun auna ta ba. Shakira ta shiga kasuwar Amurka a 2001, ta yi ciniki mai yawa, ta yi asarar wani abu mai daraja, wannan shi ne abin da ya faru. Duniya kuwa tun 1995 take cikinta, ƙafa ba takalmi. Duk mai son ya san ko wace ce ita, ya nemi faifan 1998 ya saurara, in bai ji harshen ba ya nemi tafinta, ba abin kunya ba ne. Su kuma masu tasowa da alƙalami a hannu, a kowane harshe suke rubutu, in wani ya nuna musu rami ya ce sai sun tsallaka za su zama mutane, su fara tambayar sa wa ya haƙa, kuma nawa yake karɓa a bakin gada.